Banɗaki a gidajen Gyallesu: Yadda ake tsara ajiyarsa da sabunta fuskarsa

Banɗaki, wanda wasu ke kira bayi ko makewayi, shi ne ɗaki mafi ƙanƙanta a yawancin gidajen Zariya, kuma babu ɗakin da ya kai shi shan aiki. Tun kafin kiran sallar Asuba ake fara shigarsa, ba a dainawa sai dare ya tsala. Amma idan mai gida ya tashi gyara, ko don Sallah ko don biki, falo da ƙofar gida ake fara dubawa, shi kuwa banɗaki sai ragowar fenti da ragowar kuɗi.

A unguwar Gyallesu da ke yankin Tudun Wadar Zariya, matsala biyu suka fi addabar wannan ɗaki: ba shi da wurin ajiye kaya, sannan yana saurin tsufa ko da an gyara shi. Dukansu biyu ruwa ne asalinsu, wato ruwan da ake tarawa a ciki saboda famfo ba shi da tabbas, da ruwan da aka yi amfani da shi ya ƙi fita. Wanda ya fara gyara da tayil da madubi bai duba waɗannan ba, damina ɗaya ta isa ta nuna masa cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Unguwar da ire-iren banɗakunanta

Gyallesu na ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Zariya a Jihar Kaduna. Tana wajen ganuwar birni, kusa da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar da aka fi sani da FCE, wadda aka buɗe a 1962 don horar da malamai. Wannan kusanci ya sa gidajen haya na ɗalibai da ma'aikata suka yawaita a tsakanin gidajen iyali da na 'yan kasuwa. Saboda haka banɗakunan unguwar ba iri ɗaya ba ne.

Mafi daɗewa shi ne makewayin gargajiya: wani lungu a ƙuryar gida, sau da yawa ba rufi, shadda a gefe guda, wurin wanka a ɗaya gefen, da rariyar da ke fitar da ruwa zuwa kwata. Rana da iska ne ke busar da shi. Ba a ajiye komai a ciki. Kowa ya shiga da butarsa da kwandon sosonsa, ya fito da abinsa. Maginan da sun san ruwa abokin gabar ginin ƙasa ne, shi ya sa suke shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, inda ruwa ke yawan kwanciya kuma su yi laso, wato haɗin katsin marina da gashin jima da dafara.

Sai banɗakin gidan haya, wanda ɗakuna da dama ke tarayya a kansa, na kowa ne kuma ba na kowa ba. Na ukun shi ne banɗakin cikin ɗaki, mai tayil da shawa da masai na zama. Wannan tsari an ɗauko shi ne daga ƙasashen da famfo ba ya ɗaukewa, inda ba a tanadi wurin duro ko jarka ba domin ba a bukatarsu. Da aka kawo shi nan sai ya zama an cusa bokitai uku da baho da buta a ɗakin da aka auna wa mutum ɗaya tsaye. Yawancin cunkoson da ake gani daga nan ya samo asali.

Ruwa ne babban kayan ajiya

A 2017 aka ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa ta Zariya mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana. Duk da haka, gidaje da yawa a garin sun ci gaba da dogaro da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, kuma ko inda famfo ke kawowa, ba wanda ke yarda ya kwana ba ajiya. Don haka tambayar farko a gyaran banɗaki ita ce: ruwa nawa gidan ke bukata, kuma ina za a ajiye shi?

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka na cin lita 20 zuwa 25, babban duro kuwa kimanin lita 200. Masai na zama yana tafiya da lita 6 zuwa 9 duk lokacin da aka kora, tsofaffin samfura ma sun fi haka. A ɗauka gida na da mutum 8, kowa ya kora sau 3 a rana da lita 6: an zubar da lita 144, kusan jarka 6, alhali ba a yi wanka ba, ba a yi alwala ba. Masai na tsuguno da ake korawa da ƙaramin bokiti lita 2 zuwa 3 ke isarsa. Wanda ke sayen ruwa a ƙofar gida ya kamata ya yi wannan lissafi kafin ya cire na tsuguno don kawai na zama ya fi kyan gani.

Hanyar da ta fi kowace samar da fili ita ce a fitar da ruwan daga banɗakin gaba ɗaya. A ɗora duro ko tanki a waje, a kan dakalin siminti ko ƙafafun ƙarfe da mai walda ya haɗa, a huda bango a shigo da bututu zuwa famfo. Ba sai tankin ya yi tsawo sosai ba. Muddin gindinsa ya ɗara bakin famfon, ruwa zai sauko ya cika bokiti da buta. Shawa ce ke bukatar tanki ya haura kanta da kamar mita biyu kafin ta zubo da ƙarfi. Sai dai a tuna da nauyi. Tanki mai lita 1,000 idan ya cika tan ɗaya ne, ba a ɗora shi a kan ƙarfen da aka yi wa ƙwauro, kuma ba a kafa shi a kan murfin sokawe ko daɓen shadda.

Inda babu filin waje, kamar ɗakin haya, gara a tara ruwan a mazubi ɗaya dogo mai murfi da famfo a gindi, a ɗora shi a kan ɗan tudu mai tsawon santimita 15 zuwa 20, a kusurwar da ta fi nisa da masai. Hakan ya fi bokitai huɗu a warwatse, kuma ba don kyan gani kaɗai ba. Yaro mai rarrafe ko mai tatata kansa na da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa. Idan ya leƙa bokiti ya kifa, ba ya iya ɗagowa, kuma ba a jin kukansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a sahun gaba na masu mutuwa ta hanyar nutsewa, ruwan da bai kai rabin bokiti ba kuwa ya isa. A gidan da ke da ƙananan yara, sakata a saman ƙofar banɗaki ta waje ta fi madubi muhimmanci.

Sauro ma na son buɗaɗɗen ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi, wasu nau'ukan kuma a jikin mazubin suke manna ƙwansu, don haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba sai an goge ciki da soso, aƙalla sau ɗaya a mako. A 2020 an gano wani baƙon sauron cizon maleriya ɗan asalin Asiya, Anopheles stephensi, a Jihar Gombe, kuma shi ya fi son hayayyafa a tankuna da durorin cikin gari.

Famfo mai ɗiga kuwa ɓarawo ne na cikin gida. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa na kai wa kimanin lita 30 a yini, fiye da jarka guda, alhali sau da yawa 'yar robar da ke cikin famfon ce kawai ta cinye.

A ɗaga kaya daga ƙasa

Da zarar ruwa ya samu mazauni, sauran kayan ba su da yawa kamar yadda ake zato: sabulu, soso, buroshi da man goge baki, dutsen goge kaushi, tawul, buta, takalmin shiga bayi, tsintsiya da kayan wanke masai. Ƙa'idar ita ce daɓen banɗaki na ruwa ne, duk abin da ya kwana a kansa zai yi yauƙi, ya tara gansakuka, ya zama maɓoyar kyankyasai. Abin da za a iya ratayewa a rataye shi, wanda ba a iya ratayewa a yi masa kanta.

Tsofaffin ɗakunan Hausa na da alkuki, ɗan gurbin da ake fafewa a jikin bango don ajiye fitila. Babu dabarar ajiya da ta fi shi dacewa da ƙaramin banɗaki, domin ba ya cin fili ko kaɗan, ba ya tsatsa, ba a kuma buge kai da shi. A bangon bulo mai inci 9, birkila zai iya fasa fuskar bulo ɗaya ko biyu, ya cike ramukan, ya fitar da gurbi mai zurfin kamar santimita 10, a shafe shi da siminti a sa masa tayil. A ɗan karkata ƙasansa zuwa waje don kada ruwa ya kwanta. Ba a yin sa a bango mai inci 6, ba a yin sa a jikin ginshiƙi ko dab da saman ƙofa da taga, inda nauyin gini ke sauka. Lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne ranar da aka ɓamɓare tsohon tayil.

Idan ba a son fasa bango, kusurwa ce wuri na biyu. Masu sa tayil kan yanka gutsuren dutsen giranit ko tayil mai kauri su yi 'yan kantoci masu kusurwa uku, biyu ko uku a jere. Ta sabulu da soso ta zauna a tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da kwata, inda hannu ke kaiwa ba tare da ruwan wanka ya riƙa dukanta ba. Mazubin sabulu ya zama mai huji a ƙasa. Sabulun da ke kwana cikin ruwa narkewa yake yi, musamman sabulun salo. Bayan ƙofa na ɗaukar maratayai uku ko huɗu na tawul da tufafi. Saman ƙofa da saman tankin masai fili ne da ake mantawa da shi. Buta kuwa, wadda ta fi kowane kaya yawan taɓawa, a gina mata ɗan tudu ƙarƙashin famfo don kada gindinta ya riƙa zama cikin ruwan wanka.

Zaɓin abin da za a yi kanta ko kabad da shi ne ke raba gyara mai ƙarko da na ganin ido. Katakon da ake matsawa daga garin itace, irin wanda ake yin kabad ɗin ɗaki da shi, yana kumbura da zarar ruwa ya shiga gefensa, ba ya kuma komawa daidai. Katako na gaske ya fi shi juriya idan an shafe shi ciki da waje, amma gara na bin bango mai laima ta same shi. Kwandunan ƙarfe masu ƙyalli na araha kan fara tsatsa daga inda aka yi musu walda, su bar jan zane a jikin tayil. A nan ne ake gane cewa araha ba ta ado. Abin da ya fi jurewa shi ne siminti da dutse da alminiyam da roba mai kauri. Masu haɗa tagogin alminiyam na iya yin ƙaramin kabad mai ƙofar madubi daidai da awon bango, aiki biyu a wuri ɗaya.

Wajen kafawa, ƙusar siminti ba ta daɗewa a bulo mai rami, tana sassautawa ta faɗi da kayan. A huda da injin huji, a sa 'yar robar da masu aiki ke kira fisha, sannan a ɗaura. A jikin tayil, hujin ya faɗa a layin da ke tsakanin tayil biyu. Kada a huda a saitin famfo ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, domin ta nan bututu da waya suka fi bi.

Abin da ba ya zama a banɗaki

Hotunan banɗakunan ƙasashen waje kan nuna kabad ɗin magani a bayan madubi. Wannan al'ada ba abin koyi ba ce. A jikin kwalayen magunguna da yawa an rubuta a ajiye su a busasshen wuri da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, banɗakin Zariya kuwa a watan Afrilu, ga zafi ga tururi, ya saɓa wa sharuɗɗan biyu. Haka turaren wuta da hoda da garin lalle da tawul na ajiya, duk laima na ɓata su.

Ƙwayoyin kafur da ake zubawa don ƙamshi da korar kyankyasai na bukatar hattara ta musamman. Yara kan ɗauke su alewa, sannan sinadarin da ke cikinsu na fasa ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, abin da ke haddasa shawara mai tsanani. Wannan ƙaranci ya yawaita a Najeriya, kuma iyaye da yawa ba su san ɗansu na da shi ba. Gidan da ke da jariri ya nisanci kafur, a banɗaki da cikin akwatin kaya.

Kayan wanki masu ƙarfi su zauna a kanta mafi tsawo, sama da mita ɗaya da rabi, ko cikin kabad mai makulli, kuma a cikin robarsu ta asali. Juye su a robar lemo ko ta ruwan sha gayyatar haɗari ne. Ba a haɗa bilic, irin su Hypo da Jik, da ruwan wanke masai mai asid irin su Harpic, ko da ruwan khal. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, sannan ɗayan.

Akwai kuma masu shimfiɗa tsohuwar jarida a kan kanta. Ban da cewa tana jiƙewa, da wuya a buɗe jarida, balle ta Hausa, a rasa sunan Allah ko wata aya a ciki.

Laima da wari kafin fenti

Alamar banɗaki mai ciwo ba a cikinsa take fara fitowa ba, a bangon ɗakin da ke manne da shi take fitowa: fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso, gindin kabad ya fara wari. Ruwan na iya zuwa daga bututun da ya tsage a cikin bango, ko daga layukan tayil da simintinsu ya zaizaye, ko ya taso daga ƙasa. Gwaji mai sauƙi shi ne a manna farar leda a jikin bangon, a liƙe gefunanta huɗu, a bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a cikin ledar, daga bango ruwan ke fitowa. Idan a bayanta ta taru, tururi ne da rashin iska. Na farko aikin mai gyaran famfo da birkila ne, na biyu aikin taga ne.

Daɓe kuma a gwada shi da bokitin ruwa. Idan aka kwara, ruwan ya kamata ya nufi rariya da kansa ba tare da tsintsiya ba. Gangaren santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita ya wadatar, daɓen kuma ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita biyu ko uku, ko a yi masa dokin ƙofa.

Wari yakan fito ne daga inda ruwa ya kamata ya tare iska amma babu shi. A ƙarƙashin masai da rariya da wurin wanke hannu akwai lanƙwasasshen bututu mai riƙe ɗan ruwa, shi ke hana iskar sokawe dawowa. Da hunturu, idan iska ta bushe, banɗakin baƙi ko na ɗakin da aka rufe aka yi tafiya kan rasa wannan ruwa, wari ya cika gida. Maganinsa moɗa ɗaya ta ruwa a kowace rariya duk mako. Idan kuwa tun farko an haɗa rariyar kai tsaye ba lanƙwasa, babu turaren da zai yi magani sai an sake haɗin.

Ga masu shadda, akwai gyara biyu da suka tabbata. Na farko bututun shan iska ne, dabarar da Peter Morgan ya ɓullo da ita a cibiyar bincike ta Blair a Zimbabuwe cikin shekarun 1970: bututu mai faɗin santimita 11 ya tashi daga ramin ya haura rufi da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iska na jan wari sama, ƙudaje su bi haske su maƙale a ragar. Sharaɗinsa cikin ɗakin ya kasance da ɗan duhu. Na biyu shi ne bakin masai na roba samfurin SATO na kamfanin LIXIL na Japan, wanda ake samu a Najeriya. Yana da murfi a ƙasa mai rufe kansa, kuma ruwan da bai kai lita ɗaya ba ke kora shi.

Kafin a taɓa tsohuwar shadda, a binciki abin da ke riƙe da daɓenta. Wadda aka shimfiɗa wa azara ko katako shekaru da yawa da suka wuce ba ta bukatar tayil, sabon daɓen kankare da rodi take bukata, domin ƙarin nauyi a kan ruɓaɓɓen itace na iya rufta mutum. Kazalika, ƙa'idar da masu aikin tsaftar muhalli ke bi ita ce a bar mita 30 tsakanin rami da rijiya. A unguwa mai cunkoso irin Gyallesu filin gida ɗaya ba kasafai yake kai haka ba, don haka kafin a haƙa sabon sokawe a tambayi inda rijiyar maƙwabci take. A sassan da ke gangare wajen rafin Kubanni, ruwan ƙasa na tasowa a tsakiyar damina, sokawe ya cika da wuri. A kwashe shi kafin ruwa ya zauna.

Tayil, fenti da haske

Sai bayan an gama waɗannan ne kwalliya ke da amfani. Tayil na ƙasa ya zama mai kaushi. Mai sheƙi irin na falo, idan ya haɗu da kumfar sabulu, santsinsa na karya ƙugun tsoho. Ƙanana, kamar masu santimita 30, sun fi bin gangare fiye da manya. A bango, launi mai haske na sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya faɗaɗa, kuma ba dole ne tayil ya kai silin ba: a wurin wanka ya haura kan mutum, sauran ɓangarorin mita ɗaya da rabi ta isa. Ana yin tayil a gida Najeriya, a Ajakuta ta Jihar Kogi da masana'antun Jihar Ogun, ana kuma samunsa a shagunan Sabon Gari da Tudun Wada. Masu sayen da yawa kan leƙa Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awo saboda yanka da fashewa.

Sau da yawa ma ba tayil ne ya tsufa ba, layukan da ke tsakaninsa ne suka yi baƙi. A kankare su, a sake cike su da farin siminti ko abin cikewa na musamman, a canza kan famfo da murfin masai da madubi, banɗakin zai koma kamar sabo da kaɗan daga kuɗin da za a kashe a sabon tayil. Wanke tayil da asid, wanda wasu ke yi don ya yi fari nan take, shi ne ke cinye waɗannan layuka ya buɗe wa ruwa hanya. Ƙofar katako da gindinta ya ruɓe a musanya ta da ta roba ko alminiyam, a bar 'yar tazara a ƙasa don iska.

Fumfuna ba a rufe ta da fenti, dawowa take yi. A goge ta da bilic kofi ɗaya cikin kofi 10 na ruwa, taga a buɗe, a bar bango ya bushe sarai. Fentin mai a kan bango mai laima kumbura yake yi ya ɓare. A makewayin waje, farar ƙasa ta fi shi: tana barin bango ya sha iska, ga araha, sai dai a sabunta ta duk shekara. Tsohon fentin mai na iya ƙunsar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, shi ya sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke neman kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan a sabon fenti. Idan za a kankare tsoho, a jiƙa shi tukuna don kada ya yi ƙura, yara da mai ciki su nisanci wurin.

Taga babba a can sama, mai raga, ta fi kowane ado. Inda rufin kwano ne ba silin, falle ɗaya na kwanon roba mai shigo da haske na sauya ɗakin. Ƙwan lantarki ya zama mai murfi, makunni a waje, soket kuwa kada a sa shi ko kusa. Jefa hita cikin bokiti a kan jiƙaƙƙen daɓe, ƙafa ba takalmi, na cikin abubuwa mafi haɗari da ake yi a gidaje da hunturu. A dafa ruwan a waje, a cire wayar daga wuta, sannan a shigo da shi. 'Yar fitila mai caji da hasken rana a rataye kusa da ƙofa na maganin ɗaukewar wuta da Asuba.

Gidan da ke da tsoho ko mai ciki na bukatar ƙarfen dafawa a bango, a tsawon santimita 80 zuwa 90, wanda aka kafe sosai; maratayin tawul ba ya ɗaukar nauyin mutum. Lokacin wankan jego kuma a sa raga a bakin rariya saboda ganye, a kuma sirka tafasasshen ruwa kafin a zubar, domin yana lanƙwasa siririn bututun roba.

Ɗan haya, da lokacin aiki

Ɗan haya ya tuna cewa abin da aka gina ko aka manne a jikin gida, irin su tayil da alkuki, galibi na gidan ne ranar tashi. Idan zai kashe kuɗi a kansu, ya zauna da mai gida tukuna, a rubuta a gaban shaidu ko za a cire daga kuɗin haya. In ba haka ba ya tsaya ga abin da zai ɗauka ya tafi: kantar roba mai hawa uku, maratayin da ake saƙalawa a saman ƙofa, duro mai famfo, madubi. A banɗakin tarayya kuwa, tsohon tsarin kwandon soso har yanzu babu kamarsa. Abin da 'yan haya za su haɗa kuɗi su yi bai wuce maratayai da ƙwan fitila da sakata da murfin rariya ba, sai jadawalin wanki a jikin ƙofa.

Ruwan saman da Zariya ke samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Agusta ne watan dubawa, lokacin da duk wata ɓaraka ke bayyana. A yi wa wuraren alama. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin aiki, bango ya bushe, fenti na kamawa. Sai dai iskar hunturu na busar da sabon siminti da sauri har ya tsattsage, don haka a riƙa yayyafa masa ruwa tsawon mako guda.

Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023, farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka ƙiyasin da mai aiki ya bayar yau a rubuta shi da kwanan wata, kuɗin kaya daban, na hannu daban, a riƙa biya kashi-kashi. Kafin a rufe sababbin bututu da siminti, a cika su da ruwa a bar su kwana guda a ga ko akwai ɗiga, sannan a ɗauki hoton bangon da waya don a san inda suka bi. Ragowar tayil biyar ko shida a ajiye su tare da kwalinsu, domin bayan shekara biyu da wuya a sake samun launin a kasuwa.